Ku Bar Yaro Ya Kalli Jirgi

Wata safiyar Litinin a zango na biyu, muna tsaye a filin taron safe ana karanta sanarwa, sai wani jirgin sama ya bi ta kan makarantarmu. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya manta da inda yake. Kafin jirgin ya ɓace, wani firfet ya lallaɓo ya sakar masa ranƙwashi. Ban ce uffan ba a ranar, domin ni ma, da nake tsaye a layin malamai, sama nake kallo. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa da aka ce in kawo rubutu a littafin shekarar nan, na ce to, bari in tsaya wa yaron nan ko da a makare.

Ni ma haka na tashi. Ina ƙarami ina kiwon awaki a ƙauyenmu, in jirgi ya ja farin layin nan a sama, sai in bi shi da ido har awaki su shiga gonar mutane. Na sha bulala a kan wannan ba sau ɗaya ba. Manya suka ce mini hayaƙi ne. Sai da na zo sakandare na gane cewa tururin ruwa ne da ke fita daga inji ya daskare ya zama ƙanƙara, domin a can inda manyan jirage ke bi, wajen kilomita 10 daga ƙasa, sanyi yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Ka ji fa, muna ƙasa muna zufa a watan Afrilu, ga ƙanƙara a bisa kanmu. Ranar da na ji wannan ne na soma son ilimin kimiyya, ba ranar da aka rubuta mana jadawalin jarrabawa ba.

Kuma mu a ƙasar nan ba baƙin jirgi ba ne. Ran 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojojin saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar sun bi ta Sudan da Chadi. Shugaban tafiyar sunansa Arthur Coningham. Jiragen na katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle, kowanne da fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Daga nan akan soma ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya, wato a 2025 aka cika shekara 100. Kakannin kakanninmu ma sun ɗaga kai sun yi kallo, ban kuwa ji an ce an ranƙwashe su ba.

Amma akwai abin da nake so in faɗa wa masu son jirgi irina, musamman ku ɗalibai: yawancinmu ba mu san wanda ya kamata mu kalla ba.

Na gane haka ne a wani wasan jirage da sojojin sama suka yi a Kaduna. Wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, da wuya a kwatanta masa. Jirgin yaƙi ya taho ƙasa-ƙasa shiru kamar ba shi da inji, sai ya wuce ka tukuna ƙararsa ta faɗo maka a ƙirji. Ya miƙe sama tsaye, ya juya cikinsa yana kallon rana, ya dawo. Mata na salati da addu'a, yara na ihu, mai sayar da ruwa ya manta da canjin mutane. Da matuƙan suka sauko, jama'a suka yi caa a kansu, kowa na son hoto.

Ni kuwa da na iso da wuri, na ga abin da yawancin mutane ba su gani ba. Tun kafin rana ta yi zafi, wasu mutane cikin kayan aiki suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suna tafiya a hankali a filin da jiragen ke tsaye, kawunansu a sunkuye. Na ɗauka wani abu ne ya faɗi. Na tambayi wani soja, ya ce tsakuwa suke tsinta, da ƙusa, da guntun waya, domin ƙaramin noti ɗaya in inji ya zuƙe shi, ya isa ya lalata injin. Bayan haka na ga wani dattijo yana zagaya jirgi, yana shafa shi da hannu kamar mai sayen doki, yana leƙa taya, yana duba ko mai na ɗiga. Ya zare wasu ƙarafa masu jan ƙyalle, ya ɗaga su sama don matuƙi ya gani da idonsa, sannan ya ba shi hannu ya tafi. Sojan ya ƙara gaya mini cewa a ɗakin gyaran jirgi kowace sifana tana da gurbinta. In aka tashi aiki aka ga gurbi ɗaya babu kowa, jirgin ba zai tashi ba sai an nemo ta, ko da za a kwana ana nema. Da wasa ya ƙare, ban ga wanda ya nemi hoto da dattijon nan ba.

Tun farkon lamarin haka yake. Kowane ɗan aji uku ya san sunan Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan masu gyaran keke a garin Dayton na Amurka, waɗanda suka tashi da jirgi ran 17 ga Disamba 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 ne kawai, nisansa bai wuce mita 37 ba, ko rabin filin ƙwallonmu bai kai ba. To, wa ya ƙera injin? Bakaniken shagonsu ne, Charlie Taylor. Ba su sami kamfanin da zai yi musu inji marar nauyi irin wanda suke so ba, sai shi ya zauna ya ƙera shi cikin mako 6. Ƙarfinsa na doki 12 ne, bai fi na babur da yawa ba. Ba ya cikin hoton nan da duniya ta sani. An daɗe kafin a tuna da shi, amma yanzu hukumar jiragen sama ta Amurka tana ba da lambar yabo da sunansa ga bakaniken jirgi da ya yi shekara 50 yana aiki.

Wani labarin kuma da nake yawan ba 'yan ajina shi ne na 1935. Kamfanin Boeing ya ƙera wani babban jirgin yaƙi mai inji huɗu, aka kawo shi gwaji a gaban manyan sojoji. Jirgin ya tashi, ya miƙe, ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka rasu. Da aka bincika, ba abin da ya sami jirgin. An manta ne ba a cire makullin da ke riƙe sitiyarinsa ba, wanda akan sa don kada iska ta kaɗa shi in yana ajiye. Matuƙin kuwa gwani ne, ba ɗan koyo ba. Daga nan aka ce kan mutum ɗaya ba zai riƙe kome da kome ba, aka rubuta jerin abubuwan dubawa a takarda. Har yau, matuƙin da ya yi shekara 30 yana tuƙi, kafin ya tashi sai an karanta masa jerin nan ɗaya bayan ɗaya yana amsawa, ba ya kuwa jin an rage masa girma. Mu nan in malami ya ce wa ɗalibi ya sake duba lissafinsa kafin ya miƙa takarda, sai ya ɓata rai.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma ba zan yi kamar ba su da hujja ba. Za su ce abin akwai haɗari. Gaskiya ne. A 1952, a bikin jirage na Farnborough a Ingila, jirgi ya tarwatse a sama, 'yan kallo 29 suka mutu tare da mutum biyu da ke cikinsa. A 1988, a Ramstein ta Jamus, jiragen wasa na Italiya suka yi karo, mutum 70 suka halaka. Mu ma a gida, a Janairun 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ba abin wasa ba ne. Amma ku dubi abin da mutanen jirgi ke yi bayan haɗari. Bayan na Farnborough aka kafa dokoki a kan nisan da zai kasance tsakanin jirgi da 'yan kallo. Manyan jiragen fasinja suna ɗauke da na'urar da ake kira baƙin akwati (launinta ma ruwan lemo ne, don a gane ta cikin tarkace), tana naɗar maganar matuƙa da motsin jirgi. Akan bi ta a gano abin da ya faru, a rubuta rahoto, a baza shi duniya don kada wani ya maimaita. Mota nawa ke kifewa a hanyoyinmu, a kwashe mutane, a ja motar gefe, shi ke nan? Ni dai gabana ya fi faɗuwa a motar haya mai sulɓaɓɓun tayoyi fiye da a cikin jirgi.

Wasu kuma za su ce wannan sha'awar 'ya'yan masu kuɗi ce, me ya haɗa ɗan talaka da jirgi? A nan ma akwai gaskiya. Ni da nake ta wannan surutu sau uku kacal na taɓa shiga jirgi, biyu daga ciki ma ba ni na biya ba. Kuɗin koyon tuƙin jirgi miliyoyi ne, ba kowane gida zai iya ba, kuma ba zan yaudari kowa ba. Sai dai tuƙi ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa. Ga Zariya nan kusa, inda aka kafa kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964. Ana koyar da matuƙa a can, ana kuma koyar da injiniyoyin gyara, da masu zama a hasumiya suna ba jirage hanya, da masu kula da na'urorin sadarwa. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a can ta yi karatu, daga baya a 2011 ta zama shugabar kwalejin. 'Yan matanmu su ji wannan da kyau. Ga kuma ƙofar aikin sojan sama, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin horon.

Kuma ƙasar na bukatar hannun. Kamfanin jiragen ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, an rufe shi a 2003. Kamfanonin da ke aiki bayan haka sau da yawa sukan kai jiragensu ƙasashen waje in babban gyara ya taso, su biya da dala. Wannan kuɗi ne da ya kamata ya shiga aljihun yaran da ke zaune a azuzuwanmu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ɗalibanmu ke gudun ɗakin koyon sana'a. Kowa so yake ya sa farar riga da hula, ba mai son mai ya taɓa masa hannu. In aka ce lokacin zanen fasaha ya yi, sai ciwon kai ya tashi a aji. Alhali wanda ba zai iya auna katako daidai da milimita ba, wa zai ba shi fiffiken jirgi? Wanda kuma ke wasa da Turanci ya sani cewa da shi matuƙi da hasumiya ke magana a tashoshin duniya. Lissafi da fiziks kuwa ba sai an faɗa ba.

Don haka ina roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai abu biyu. A nemi izini a kai 'yan aji huɗu da biyar ziyara Zariya ko wani filin jirgi mafi kusa, kuma in an je kada a tsaya a hoto gaban jirgi, a roƙa a shigar da su rumfar gyara su ga allon sifanu. Sannan a ba mu aji ɗaya da yammacin Laraba mu kafa ƙungiyar masu son jirgi. Ba ma bukatar kuɗi da yawa. Kwali, da karan dawa, da roba, da gam sun ishe mu farawa. Karan dawa ma ya fi, domin yawancinmu mun ƙera mota da jirgi da shi tun kafin mu san A da B. Tsofaffin ɗalibai da ke aiki a wannan fanni, in kun karanta wannan, ƙofa a buɗe take.

Shi kuwa yaron nan na ranar Litinin, na neme shi daga baya. Ya zo ofis yana rawar jiki, yana tsammani wani horon ne. Da ya ga ba haka ba ne, sai ya tambaye ni, "Malam, tsuntsu yana kaɗa fiffike, to shi jirgi da ba ya kaɗawa, me ke riƙe shi?" Na tambaye shi ko ya taɓa fid da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu. Ya ce i. Na ce in ka ɗan karkata shi fa? Ya ce sai iska ta ɗaga shi sama. Na ce to, fiffike yana tura iska ƙasa, iska tana tura shi sama, aikin inji shi ne ya ba shi gudun. Ya yi shiru, ya ce to in injin ya mutu fa? Na ce ba ya faɗowa kamar dutse, yana sulalowa ne a hankali kamar shirwa, kuma zan nuna masa da jirgin kwali. Sunansa ne na farko a takardar ƙungiyar. Na biyu kuwa firfet ɗin da ya ranƙwashe shi, wanda ya zo da kansa ya ce shi ma a rubuta shi.