Gahawar McDonald's da tsohuwar da duniya ta yi wa dariya

Duk sa'ad da aka tashi ba da misalin yadda Amurkawa ke kai ƙara kan abin da bai taka kara ya karya ba, labari ɗaya ake jawowa: wai wata tsohuwa ta sayi gahawa a McDonald's, ta kwara wa kanta da hannunta, ta garzaya kotu, ta fito da miliyoyin daloli. Labarin ya iso mu a haka, muka karɓa, muka yi dariya. Ni kuwa ina ganin an zalunci matar nan sau biyu, na biyun ma ya fi ciwo, domin shi ne ya bi ta har kabari.

Sunanta Stella Liebeck, shekarunta 79, mazauniyar Albuquerque a jihar New Mexico. Ran 27 ga Fabrairu 1992 jikanta ya kai ta sayen gahawar santi 49. Ba ita ke tuƙi ba, motar ma a tsaye take, don yaron ya faka ne ta zuba madara da sukari. Ta matse kofin tsakanin gwiwoyinta, ta ja murfin, ya tuntsure a cinyarta. Wandon auduga ne a jikinta, ya tsotse ruwan zafin ya riƙe shi a kan fata. Kashi 6 cikin ɗari na jikinta ya yi ƙuna mai mataki na uku, irin wadda ke cinye fata gaba ɗaya, kuma a cinyoyi da matse-matsi da mazaunai. Ta kwana takwas a asibiti ana yanko fata daga wani wuri ana dasa mata, ta rame da kusan kilo 9, jinya ta ci kimanin shekara biyu.

Kuma ba kotu ta fara nufa ba. Dala 20,000 ta nema don kuɗin magani da asarar da 'yarta ta yi wajen zaman jinya. Kamfanin ya ce dala 800 zai bayar. Sai a nan ta ɗauki lauya, Reed Morgan. Kafin a shiga shari'a mai shiga tsakani ya ba da shawarar a sasanta kan dala 225,000, kamfanin ya ƙi.

A watan Agusta 1994 aka baje hujjoji gaban talakawan gari goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci. Suka ji cewa ƙa'idar kamfanin ce a ajiye gahawa a zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyos, zafin da masana suka shaida yana ƙone fata ƙurmus cikin 'yan daƙiƙu. Suka ga takardun kamfanin da kansa masu nuna cewa daga 1982 zuwa 1992 an kai masa ƙorafin ƙuna sama da 700, har da na yara, ya kuma biya sama da dala 500,000 wajen sasantawa. Jami'in kula da inganci, Christopher Appleton, ya amsa cewa gahawar za ta ƙone baki da maƙogwaro in an sha ta yadda aka miƙo ta, kuma ba su da niyyar rage zafin. Nan ne gizo ke saƙar. Kowa ya san gahawa da zafi ake shan ta, amma wane mai saye ne ke tsammanin abin da aka miƙo masa ta tagar mota zai iya kai shi ɗakin tiyata? Kamfanin ya sani, mai saye bai sani ba.

Masu hukuncin ba su wanke Stella ba. Sun ɗora mata kashi 20 na laifin, don haka diyyar dala 200,000 ta koma 160,000. Dala miliyan 2.7 da ake ta yayatawa tarar ladabtarwa ce, an auna ta da cinikin gahawar kwana biyu na kamfanin. Alƙali Robert Scott ya zaftare ta zuwa 480,000, jimilla 640,000 ke nan. Daga baya aka sasanta a asirce kan adadin da ba a bayyana ba. Miliyoyin nan ba su taɓa shiga hannunta ba.

To yaya aka yi labarin ya juye? Kowace jarida da ta ɗauko shi sai ta datse wani yanki, har ya rage tsohuwa, gahawa, miliyoyi. Masu barkwancin talabijin suka samu abin yi. An ma ƙirƙiro lambar ba'a da sunanta, Stella Awards, don ƙararrakin da ake ganin shirme ne. Ƙungiyoyin manyan 'yan kasuwa da ke neman a sa wa diyya iyaka suka riƙe labarin gam, aka yi ta kafa hujja da shi a majalisu, jihohi da dama suka taƙaita abin da wanda aka raunata zai iya samu. Stella ta rasu a 2004 tana da shekara 91. Sai a 2011 fim ɗin Hot Coffee na Susan Saladoff ya nuna wa jama'a hotunan ƙunar.

Ban ce babu 'yan damfara ba. A 2005 wata mata a San Jose ta ce ta tsinci yatsan mutum a abincin Wendy's, bincike ya gano ita ta saka, aka yanke mata hukuncin ɗaurin shekara tara. A 2003 alƙali Robert Sweet na New York ya kori ƙarar matasan da suka ce McDonald's ne ya sa musu ƙiba. Wata kotun Ingila a 2002 ta ƙi amincewa da ƙara irin ta Stella, kuma akwai masu hankali da har yau ke ganin kotun Ingilar ce ta yi daidai. Sai dai duk waɗannan suna nuna cewa kotu na da rariyar tace gaskiya da ƙarya. Ra'ayin jama'a ne ba shi da ita, yana yanke hukunci daga kanun labari.

Abin da ya sa na damu shi ne gidajen abincin gaggawa sun cika Kano da Kaduna da Abuja, mu kuma da ma mutane ne masu jin nauyin neman haƙƙi. Yaro ya ci gurɓataccen abinci ya kwanta asibiti, sai a ce wa uban ya yi haƙuri, ƙaddara ce, a bar wa Allah. In ya ce zai kai ƙara, a ce kwaɗayi. Alhali addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya shar'anta diyyar rauni. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumarta FCCPC suna nan, kuma ƙorafin da aka shigar a rubuce, da rasit da takardar likita, shi ne ke taruwa ya zama hujja. Ƙorafe-ƙorafe 700 na mutanen da suka ƙi yin shiru su ne suka tsaya wa Stella a kotu.