Mu Da Ba Mu Da Shaidar Bayarwa

Duk Lahadi da yamma a zumuntar ɗalibai akwai lokacin ba da shaida. Wannan ya tashi ya ce ya haye kwas ɗin da ya kayar da shi bara, waccan ta ce kuɗin makaranta ya faɗo mata ana saura kwana biyu a rufe rajista. A yi tafi, a buga ganga. Ina taya su murna, gaskiya. Amma shekara biyu ke nan ina zaune a bencin baya ban taɓa karɓar makirfo ba, kuma ina so in faɗi dalili kafin in tattara kayana in bar makarantar nan.

Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne kusa da Dogon Dawa, kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Ina ɗan shekara tara, a Oktoban 2012, 'yan bindiga suka shiga Dogon Dawa da asuba suka kashe kimanin mutum 20, da yawansu masu fitowa daga masallaci. Mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su ne. Tun daga nan ba mu sake barci da ido biyu a rufe ba.

Namu ya zo ne da damina, ana tsakiyar noma. Aka ɗauke babana a gona tare da wani dattijon cocinmu. Ikilisiya ta yi azumin kwana uku. Muka sayar da masara, da babur, da shanun huɗa biyu, aka kai kuɗin daji. Dattijon ya dawo. Baba bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba.

Da na ba wani ɗan'uwa a zumunta wannan labari, sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗan'uwa, wataƙila bangaskiyarku ce ta yi rauni a lokacin.” Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Abin da aka koya masa ke nan: ka ba da gaskiya, ƙofa ta buɗe. To, mu da ƙofar ba ta buɗe mana ba fa?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, sannan ya kama Bitrus. Mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku cikin dare. Sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya, sura ɗaya. Kullum wa'azin Bitrus muke ji, don shi ke sa a yi tafi. Wa zai ce Yakubu ya gaza Bitrus bangaskiya? Abokan Ayuba ma, kwana bakwai ɗin da suka zauna da shi shiru su ne mafi alherin abin da suka yi. Suna buɗe baki su bayyana masa dalilin wahalarsa suka ɓata komai, har Ubangiji ya tsawata musu a ƙarshen littafin.

Dogara ga Allah da na gani da idona ba ta da ganga. Mamata ce. Har yau ƙarfe huɗu na asuba take tashi ta durƙusa, wani lokaci addu'ar rabinta faɗa ne da Allah, tana tambayarsa ina mijinta. Ta gama, ta share ido, ta hura wuta. Ba ta taɓa cewa ta gane abin da Allah ke yi ba. Ba ta kuma daina kiransa Uba ba.

Da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a Nuwamban 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu, ita ce ta fara cewa mu koma gonar. Ni na ƙi. Yaya za ka tsaya a kasuwa kusa da mutumin da wataƙila shi ya karɓi kuɗinka? Wannan yafiya da ake ta wa'azinta, ni dai ban iso wurin ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba. Ita kuwa ta ɗauki fartanyar Baba ta tafi ta shuka.

Ba ni kaɗai ba ne a harabar nan. Jihar da aka kwashi ɗalibai 39 a Afaka a Maris ɗin 2021, aka kwashi na makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar, aka sake yi a Kuriga a 2024, ai dole a kowane aji akwai mai ɗauke da irin wannan kaya, Kirista ko Musulmi. Wasu na nan ba sa zuwa gida hutu don babu gidan.

Roƙona ga shugabannin zumunta masu shigowa shi ne ku ware ko minti goma ga wanda addu'arsa ba ta samu amsar da ya so ba. Kada ku gyara masa magana, kada ku yi saurin jefa masa aya. In ya gama, ku tambaye shi ko ya ci abinci, ko ya biya kuɗin semesta. Lahadi biyu ta rage mini. In an ba ni makirfon, zan tashi in faɗi sunan babana.