Filin Lambu da Gida: Furen orkide da ruwa ya cinye wa saiwa, me za a zuba masa a tukunya?

Wata ƴar'uwa ma'aikaciyar jinya da ke aiki a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarar 2014, ta aiko wa wannan fili da wasiƙa tana neman shawara game da wani fure mai suna orkide, da ɗiyarta mai aure a Faransa ta kawo mata tsaraba. Ta ce takan bar shi a gidanta na garin Diffa, yara na ba shi ruwa safe da maraice. Da ganyensa ya yi yaushi sai aka ƙara ruwa, ranar da ta zare shi daga tukunya kuwa ta tarar saiwoyi biyu kaɗai suka rage da rai. Tambayarta ita ce: wace irin ƙasa ya kamata ta sake zuba masa?

Malama, kada ki zuba masa ƙasa ko kaɗan. Kada ki sa masa rairayin jigawa ko laka ta bakin Komadugu, balle takin shanun Kuri na garken gwamnati da ke nan Sayam, duk da kyansa ga albasa da tumatir.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dangin orkide sun haura iri 25,000 a duniya, kuma a cikinsu har da banila da ake ƙamshin biskit da ita. Wanda kika siffanta, mai faffaɗan ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi, shi ne Phalaenopsis, sunan da masanin tsirrai Blume ya raɗa masa a 1825. Asalinsa dazuzzukan Indonesiya da Filifin ne, inda yake rayuwa maƙale a jikin itatuwa, saiwoyinsa na reto cikin iska. Kowace saiwa tana lulluɓe da wata fata mai kama da soso, wadda ke tsotse ruwan sama cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ta bushe kafin wani ruwan ya sauko. Idan aka tsare wannan saiwa cikin jiƙaƙƙen abu dare da rana, iska ba ta isa gare ta, sai ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa su gama da ita. Shukar da ba ta da saiwa ba ta iya shan ruwa, shi ya sa ganyen ke nuna alamar ƙishi alhali tukunya na cike. Manoman tattasai na kwarin Komadugu sun san wannan abu sarai: a ambaliyar 2019 da ta 2022 an ga shuka tana yaushi ƙafarta cikin ruwa.

Kafin maganar abin zubawa, sai an yi aikin wanzami. A karkaɗe tsohon abin da ke tukunyar a zubar, a wanke saiwoyin, a sa sabuwar reza a yanke duk wadda ta yi baƙi, ko ta yi laushi, ko aka matsa aka ji ta zama fanko sai zare a ciki. Mai tauri a bar ta ko da ta yi fari fat. Idan akwai sandar fure ita ma a yanke, ko da zuciya ba ta so, domin fure ƙarfi yake ci. A shafa garin gawayi a bakin yankan, a ajiye shukar a inuwa yini guda. Wasu na sa kirfa; tana aiki a bakin yanka, amma tana busar da lafiyayyar saiwa idan ta taɓa ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Littattafan lambu da ake bugawa a Faransa sukan ce a yi amfani da gutsattsarin ɓawon itacen fin, shawara ce mai kyau ga mutumin Liyon ko Bordo. Amma Diffa ba ta samun ruwan sama fiye da kimanin milimita 300 a shekara, kuma da hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Sabon ɓawo ba ya riƙe ruwa da farko, a irin iskarmu kafin azahar ya bushe ƙamas, saiwa biyu kuwa ba su isa su tara wa ganye abin da zai kai shi gobe ba. A ɗaya gefen akwai gansakukar nan mai laushi kamar auduga, da ake kawowa daga Shili da Niw Zilan, wadda masu renon fure da yawa ke cusa shukar a ciki domin ta jure doguwar tafiya. Tana riƙe ruwa ninki da yawa na nauyinta, kuma idan an danna ta da ƙarfi aka bi ta da ruwa kullum, ita ce ke kashe saiwa. Ke nan mai jinyar wannan fure yana tsakanin abu biyu: wanda ke bushewa da wuri, da wanda ba ya bushewa. Abin nema shi ne wanda zai riƙe danshi a jikinsa, ya bar iska tana ratsa tsakaninsa.

A ganina ba sai an yi saƙo zuwa Yamai ba, kasuwar Diffa ta wadatar. Abu na farko ɓawon kwakwa, wato kaurin nan mai zare da ke bayan ƙoƙon, wanda masu sayar da kwakwa ke zubarwa. A yayyanka shi kamar girman dabino, a jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwa kowace safiya, saboda yakan zo da gishiri, gishiri kuwa yana ƙone kan sabuwar saiwa. Na biyu gawayin itace, a fasa shi kamar girman gyaɗa mai kwanso, a wanke toka da ƙura. Na uku tsingaro na tukunyar da ta gasu sosai, ko fasasshen jan bulo. A haɗa kashi biyu na kwakwa, kashi ɗaya na gawayi, kashi ɗaya na tsingaro, a tankaɗe gari a zubar, domin garin shi ke toshe kafofin iska. Wanda ya sami sabuwar gansakuka yana iya shimfiɗa kaɗan a saman, sako-sako, daidai gindin da sabbin saiwoyi za su fito. Garin katako na kafintoci da ɓuntun shinkafa a nisance su, dunƙulewa suke yi. Ɗanyen ɓawon bedi ko na gawo shi ma yakan zo da danƙo da ƙwari.

Tukunya kuma ƙarama ake so. Mutanenmu na ganin babbar tukunya karramawa ce ga shuka, alhali tsakiyarta kan kwana bakwai ba ta bushe ba. Gindin gorar ruwa ta roba, wadda aka huhhuda ƙasa da gefe da zazzafan ƙusa, ya isa, kuma yana da amfanin da ake hango saiwa ta cikinsa: idan ta yi kore akwai ruwa, idan ta koma ruwan azurfa lokacin shayarwa ya yi. Da bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, a zura gorar cikin tukunyar ƙasa mai ɗan faɗi da ake jiƙa jikinta, ta sanyaya ta kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A kafa tsinke a ɗaure shukar kada ta riƙa motsi, domin kan sabuwar saiwa da ya gogu ba ya ƙara tsawo.

Ruwan ma abin dubawa ne. Ƙasar Manga ƙasar kanwa ce da manda, kuma duk rijiya ko foraj da ruwanta ke barin farin tabo a jikin buta, zai bar irinsa a jikin gawayi da tsingaro. Ruwan sama ya fi. Ma'aikata kuwa suna da wata taska da ba su sani ba: ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya buro kusan babu gishiri a cikinsa, kuma kullum a ƙasa yake zuba. A shayar da safe, a kwarara har ya fita ta hudojin, a bar tukunyar ta tsane, kada a bar ta zaune cikin faranti mai ruwa, kada kuma ruwa ya kwana a tsakiyar ganye. Da hunturu a kifa mata babbar gora da aka yanke, ana buɗewa kowace rana ta sha iska. Wurinta kusa da taga ta gabas, bayan labule. Taki kuwa sai an ga sabbin saiwoyi, shi ma rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwali.

Ga ƴan kasuwar da ke sha'awar shigo da wannan fure, ina ganin bai dace a karɓi jikkunan mutum a miƙa masa shuka ba tare da an gaya masa cewa ba a shayar da ita kamar zogale ba. Kuma ga kariya nan a dajinmu, mai jan fure, wadda masu lambu na Tailan suka mayar da ita hajar duniya. Tana jure rana da fari, sai dai ruwan jikinta guba ne, a kiyaye yara da awaki.

Malama, kada ki riƙa tono shukar domin dubawa. Kan sabuwar saiwa, ɗan kore mai sheƙi, yakan leƙo daga gindi bayan wasu makonni, wani lokaci sai an yi wata biyu, tsofaffin ganyen kuma mai yiwuwa ba za su koma sumul ba, sabon ganye shi ne shaida. Fure kada ki sa ran ganinsa kafin shekara ta zagayo. Amma ki duba tsakiyar shukar tun yau, inda ƙaramin ganye ke fitowa. Idan wurin ya yi baƙi yana wari, kada ki wahalar da kanki da jiƙa ɓawon kwakwa. Idan yana da tauri, kore shar, saiwoyi biyun nan sun isa a fara da su.