Filin Uwargida: Kafin Ki Ƙunsa Lalle, Dubi Farcenki

A wannan fitowa na ɗan ajiye zancen soyayya, farce nake so mu duba, wato akaifa kamar yadda muke cewa a nan Shagari.

Mu mata ba ma rabuwa da ƙunshi. Biki lalle, suna lalle, Sallah lalle, sai a shekara mace ba ta ga ainihin launin farcenta ba. To akwai wani ciwon daji na fata, likitoci na ce masa melanoma, da ke ɓuya a ƙarƙashin farce. Yakan fara da baƙin zane guda, miƙe daga gindin farce zuwa bakinsa, galibi a babban yatsan hannu ko na ƙafa. Da farko ba zafi ba kumburi, shi ya sa ake raina shi.

Kada hankalinki ya tashi 'yar uwa, da yawanmu baƙar fata muna da irin wannan zane a farata da dama, kuma ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne zane a farce ɗaya tak da ke ƙara faɗi har ya wuce milimita 3, ko baƙin ya malalo kan fatar gindin farce, ko farcen ya tsage yana jini. Jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe yakan bi farce ya fita, kamar dai yadda lalle ke tafiya. Wannan kuwa ba ya gusawa.

Shi ne ajalin mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka gano shi a yatsan ƙafarsa, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. Bai yarda a yanke yatsan ba, ciwon ya bazu har huhu da ƙwaƙwalwa, ya mutu a 1981 yana ɗan shekara 36.

Don Allah in kin ga alama, ban da wanzami, ban da rufewa da lalle. Ki nemi izinin maigida ku bi ta Bodinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Za a ɗebi ɗan nama a auna. In da wuri ne, tiyata za a yi a cire farcen da naman ƙarƙashinsa. In ya yi zurfi, sai an cire gaɓar yatsa.

Na san abin da ke ranki, me kishiya za ta ce? Ta faɗi son ranta! 'Ya'yanki uwa suke buƙata. Ki duba na Inna da na maigida ma, don ya fi kama manya.

Allah Ya tsare mu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.