Allo Na Biyu A Teburin Akawu

Tun da aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da mutanen daji, har motoci suka koma bin hanyar Buruku da Udawa, manoma kuma suka soma leƙa gonakin da tsoro ya raba su da su, sai wani aiki da ba a cika ambatonsa ba ya taru a kan teburan ofisoshi, wato aikin rubutu da lissafi: rajistar yaran da suka daɗe ba makaranta, katunan marasa lafiya, sunayen waɗanda za a raba wa taki, da kuɗin shiga na kasuwa. Galibin wannan nauyi yana wuyan akawu ne mai kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda allonta bai wuce inci 14 ko 15 ba. Ra'ayina shi ne, duk hukumar da take nufin gyara da gaske, wajibi ne ta haɗa wa wannan bawan Allah allo na biyu, tun kafin ta yi tunanin ƙawata teburin shugaba.

Hujjata ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a zauren ilmi, domin malamanmu, idan za su yi muƙabalar littafin da aka kwafa, asalin suke shimfiɗawa a gefe guda, kwafin a ɗaya gefen, ido yana kai da komo a tsakaninsu, saboda sun san cewa wanda ya rufe wannan kafin ya buɗe wancan ya dogara ne ga hardarsa, harda kuwa takan ci amana. Haka akawun da yake ɗauko lambobi daga wani shafi zuwa wani a ƙaramin allo guda. Yakan ɓoye ɗaya ya fito da ɗaya, kuma a tsakanin nan ne sifiri ke faɗuwa, ko sunan wata gwauruwa daga Kuyello ya ɓace, ta yi tattaki zuwa gari ta koma hannu rabbana. Wannan haƙƙi ne, za a kuwa tambaye shi.

Amma lalle mai saye ya yi tahƙiƙi, don yaudara ta yi yawa a wannan fage. Ɗan akwatin nan mai raba kafar HDMI gida biyu, wanda ake tallarsa da araha, ba ya ƙara fili ko kaɗan, hoto guda yake maimaitawa a alluna biyu. Kafar USB-C kuma, ko da yake siffarta ɗaya ce a ido, ba kowace ce ke fitar da hoto ba, sai wadda aka gina da DisplayPort ko Thunderbolt a cikinta. MacBook Air mai M1 ta 2020, duk da tsadarta, allo ɗaya tak take ɗauka daga waje, sai fa an bi da ita ta na'urar DisplayLink. Tsohon allo na gwanjo mai kafar VGA yana aiki sarai idan an samo masa mahaɗi. Bayan an jona, a Windows sai a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi faɗaɗawa maimakon maimaitawa.

Inda al'amarin Birnin Gwari ya sha bamban da na manyan ofisoshin Kaduna shi ne wuta. Kwamfutar tana da batirinta, idan an ɗauke wuta takan jure sa'o'i, alhali allon tebur a take yake mutuwa. Allo mai inci 24 yakan ci wat 20 zuwa 30, cajar kwamfutar kuma 45 zuwa 65, sabili da haka wanda ya jera alluna uku a ofishin da ba shi da sola da batir ya sayi kayan kallo ne kawai, wannan kuwa almubazzaranci ne da dukiyar jama'a. Hankali ya hukunta a fara da wutar, a lissafa abin da za ta iya ɗauka, sa'an nan a sayi allo ɗaya mai kyau. Inda ƙarfin bai kai ba, akwai siririn allo na tafiya wanda yake shan wutarsa daga kwamfutar, ya shiga jaka tare da ita, abin da ya dace da ma'aikacin lafiya mai zagaya Randagi da Dogon Dawa, ko da yake yana saurin zuƙe batir.

Na san za a ce intanet ta fi wannan muhimmanci, ban kuwa musa ba. Sai dai mutanen wannan yanki ba su manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya na tsawon kusan wata biyu saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bar kowa da abin da ke hannunsa. Allo na biyu ba ya jiran sabis, amfaninsa yana nan ko an katse ko ba a katse ba.

Allo na uku kuwa ban hana shi ga ahalinsa ba. Masu gadin gandun Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 1,000, suna da buƙata ta haƙiƙa su ga taswira a nan, hoton tauraron ɗan Adam a can, rahoton sintiri a gefe. Amma sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibiti, da ofishin ilmi, su fara da teburin da ake shigar da sunayen talakawa, su sa allon daidai tsayin idon mai aikin, su kuma sanya kuɗin batirinsa a cikin kasafin da aka saye shi.