Aikin ido da leza: a san mai magana kafin a miƙa masa ido

A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, ma'aikaci mai tabarau ya kan buɗe salularsa ya tarar da talla: wani asibiti na ƙasar waje yana alkawarin raba shi da tabarau cikin ƴan mintoci. Aikin gaskiya ne, kuma mutane da yawa sun ji daɗinsa. Amma mai talla ciniki yake nema, ba ya faɗin abin da zai kori mai saye.

Ga yadda abin yake. Likita yana amfani da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza, ya kankare kaɗan daga fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, don haske ya faɗa daidai inda ya kamata. Ana yin sa ga wanda ba ya ganin nesa, ko wanda ba ya ganin kusa, ko wanda gani ke karkace masa. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da leza don gyaran gani a 1995, da hanyar LASIK a 1999. Naman da aka kankare ba ya komowa.

Nan ne ya kamata jama'a su natsu. Aikin nan ba ya maganin yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido, ba ya maganin amodari. Wanda ya tattara jikkunansa ya hau jirgi alhali yana ce ke damunsa, ya yi asara biyu: kuɗi sun tafi, ciwo yana nan. Kuma wanda aka yi wa aikin yana saurayi, in ya wuce shekara 40, sau da yawa sai ya nemi tabarau na karatu kamar kowa.

Shafin intanet na kirki ana gane shi da abin da yake hanawa. Zai ce ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko mace mai ciki, ko wanda lambar tabaraunsa ta canza cikin shekarar da ta wuce, ko wanda fatar idonsa ba ta da kauri. Zai ambaci bushewar ido, da zoben haske da wasu ke gani kewaye da fitilun mota da dare. Bushewar ido kuwa ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ƙurar hunturu ke tashi wata da watanni. Shafin FDA yana faɗin waɗannan da Ingilishi. Masu Faransanci suna iya duba na ƙungiyar likitocin ido ta Faransa. Shafin da ba shi da sunan likita ko ranar rubutu, sai hotunan masu murmushi da rangwamen farashi, kanti ne. Shaidar da ake turowa ta WhatsApp ita ma haka, domin ba wanda ya san mai rubuta ta.

Ko shafi mafi inganci ba ya auna kaurin fatar ido. Wannan sai na'ura da likita. Saboda haka mai niyya ya fara ganin likitan ido na gida, ya karɓi sakamakon awonsa a rubuce, sannan ya tambayi asibitin waje wa zai duba shi in ido ya yi ja mako biyu bayan ya komo Tawa.