Tun Ran Gini Ran Zane: Darasi Daga Filin Jifan Faifai

Ni Bajju ne, haifaffen Fadan Kaje ta Kudancin Kaduna. Harshen Jju na fara ji a bakin mahaifiyata, Hausa kuwa a kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta kafin na zo jami'a. Saboda haka idan na yi magana a kan filin wasa, ina magana ne a kan ajina na farko na Hausa.

Abin da ya tayar da wannan rubutu shi ne wani bidiyo da na kalla a waya, na wani wasa da ake yi a wuraren shaƙatawa na Amurka da Turai. Wasan ɗan'uwan golf ne, sai dai babu sanda, babu ƙwallo. Faifan roba ake wurgawa daga wani wuri da aka shata, har a jefa shi cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa a kan turke. Wanda ya gama zagaye kwanduna 9 ko 18 da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Ni dai na raɗa masa suna jifan faifai, domin abin da ake jifan bai da maraba da faifan da iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi. Wanda yake da sunan da ya fi wannan, shafin mujalla a buɗe yake.

An buɗe fili na farko na dindindin na wannan wasa a shekarar 1975, a wurin shaƙatawa na Oak Grove da ke kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya, kuma Ed Headrick ne ya tsara shi. Abin da ya burge ni shi ne yadda ake tsara irin wannan fili. Ba a sare itace, ba a baje tudu, domin su ne ke sa wasan ya yi armashi. Ba a kafa kwando kusa da hanyar da mutane ke bi. Hanyar jifa ɗaya ba ta ratsa wata, don kada faifai ya fasa wa wani goshi. Inda aka gama jifa ɗaya, nan kusa ake fara na gaba. Akan cuɗa doguwar hanya da gajera, mai karkata dama da mai karkata hagu, a kuma ware wa sabon shiga wurin tsayawa mafi kusa. A taƙaice, mai tsarawa yakan taka filin da ƙafarsa, ya ga inda ruwa ke bi da inda jama'a ke wucewa, kafin ya haƙa rami ko ɗaya.

To, ya kai mai karatu, kwatanta wannan da filin da na tashi ina buga ƙwallo a cikinsa. An kafa raga ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, saboda haka da la'asar mai tsaron ragar gabas da rana yake kokawa kafin ya ga ƙwallo, alhali masana sun daɗe da cewa kudu da arewa ya kamata fili ya miƙe. Filin gangare ne, da damina ruwa ya yi kwari a tsakiyarsa. Hanyar rafi kuma ta nan ta ratsa. Ban manta ranar da na ɗirka wa ƙwallo ƙafa ta sami wata tsohuwa ɗauke da tulu ba. Tulun ya fashe, ita ta gurɗe, ni na sha bulala a gida. Yau da na waiwaya, sai na ga laifina kaɗan ne, babban laifin na wanda ya haɗa filin ƙwallo da hanyar rafi ne. Da na koma hutun bara, na tarar an yanka kusan rabin filin an dasa harsashin gini.

Na san wani zai ce, ana fama da ruwan sha da hanya da zaman lafiya, wa ke ta wasan Turawa? Ai ban ce a bar langa da dara da ƙwallon ƙafa a rungumi faifai ba. Cewa na yi mu ɗauki dabarar. Da an ambaci wasanni, hankalin shugabanninmu kan tafi ga katanga da siminti da kwangilar miliyoyi, alhali tsari mai kyau tunani yake ci fiye da kuɗi. Allah ya hore mana duwatsun Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga da inuwar ɗorawa da mangwaro. Fili ɗaya da aka tsara da hankali zai ɗauki ƙwallon samari, da wasan yara, da wurin hutawar dattawa, ba tare da wani ya takura wa wani ba. Kuma a yanki irin namu mai yawan harsuna da addinai, filin wasa na cikin wurare ƙalilan da yaro ke haɗuwa da ɗan wata unguwa tun kafin a koya masa jin tsoronsa.

Don haka ina kira ga sarakunanmu da hakimai da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari da su keɓe filayen wasa a rubuce tun kafin masu awon filaye su cinye su. In an tashi tsarawa kuma, a tambayi yaran da ke wasa a wurin da matan da ke bi ta wurin, domin su suka san filin. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah ya sa mu dace, amin.